Ba Zakara Kaɗai Ne Namiji Ba



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu, har da waɗanda suka yi aure bara da bana. Da zarar an taɓo zancen goyon jariri, ko wankin tsummokinsa, ko tashin dare idan jikinsa ya yi zafi, sai wani ya ce: "Wannan ai aikin mata ne, haka Allah ya tsara duniya. Ka taɓa ganin zakara yana kwanci? Ka taɓa ganin bunsuru yana lasar ɗan akuya?" Sai a kwashe da dariya, a ɗauka an kashe bakin zance. Ga wanda ya faɗa, raha ce. Ga matar da ta kwana uku ba ta rintsa ba, mijinta kuwa yana sharar barci a ɗaya ɗakin, ba abin dariya ba ne. Haka yake ga yarinyar da saurayi ya yi wa ciki, ya sauya lambar waya, ya bar garin.

Tunda an kira dabbobi su ba da shaida, adalci shi ne a bar su su faɗi shaidarsu duka. Littafin Ayuba ma, a sura 12, ya aike mu wurin dabbobi da tsuntsaye da kifaye mu ɗauki darasi. Ra'ayina shi ne, halitta ba ta ba wani uba izinin naɗe hannu ba. Abin da ake gani a cikinta, bukatar ɗa ce take yanke yawan hannayen da za su rene shi. Ɗan mutum kuwa yana sahun gaba a cikin mabukata.

Bari mu fara da gaskiyar da ke cikin maganar samarin nan, domin akwai ta. Zakara ba ya kwanci. Kaza ce take kwanciya a kan ƙwai kwana 21, ba ta tashi sai don ta ɗan tsinci tsaba, ta sha ruwa, ta koma, har ta rame. In ta ƙyanƙyashe, ita ke tona wa 'yan tsaki ƙasa, ita ke buɗe fukafukai idan inuwar shirwa ta gifta. Shi ya sa ake cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ubangiji Yesu da kansa, sa'ad da yake baƙin ciki saboda Urushalima a Matiyu 23, da kaza mai tattara 'yan tsakinta ya kwatanta kansa. Bai ga ƙasƙanci ba a ce namiji ya ɗauki siffar uwa mai reno.

A cikin dabbobi masu shayarwa, nauyin ya ƙara karkata kan mace. Masana halittu sun ƙiyasta cewa irin waɗanda namijinsu ke sa hannu a renon 'ya'ya ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Dalilin a fili yake: ciki a jikin mace yake, nono ma a jikinta yake. Akuya takan ɗauki ciki wata biyar, saniya wata tara, giwa kuwa wata 22, sa'an nan ta shayar shekara biyu ko fiye. A ruwa ma akwai uwaye irin wannan. Macen kada takan binne ƙwanta a yashi, ta yi gadinsa kusan wata uku, in ta ji kukan 'ya'yan a ƙarƙashin ƙasa sai ta tone su, ta kwashe su cikin bakin nan nata mai karya ƙashin saniya, ta kai su ruwa ba tare da ta ji wa ko ɗaya ciwo ba. Karfasar da muke ci, macen ce take riƙe ƙwai da ƙananan 'ya'ya a bakinta mako ɗaya zuwa biyu, ba ta cin abinci. Duk wanda ya raina wahalar uwa, bai dubi halitta da kyau ba.

Inda samarinmu suka yi tuntuɓe shi ne, a tsakar gida kaɗai suka yi karatunsu. Kaji, awaki, tumaki da shanu, dabbobi ne da ɗan Adam ya zaɓa yana kiwo, kuma galibinsu irin waɗanda namiji ɗaya ke isar garke guda ne. Bugu da ƙari, mai gida ne ke kawo dusa da harawa, shi ke gyara akurki, shi ke tashi da dare in ya ji motsin kura ko ɓarawo. Wanda ya dubi dabbobi huɗu ya ce ya san tsarin halitta duka, kamar wanda ya leƙa rijiya ne ya ce ya ga teku.

Ko a tsakar gidan ma ba a gama dubawa ba. Ku tambayi duk wani yaro mai kiwon tantabara. Ƙwai biyu take yi, ita da namijin kuma karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci: shi yakan hau da hantsi ya kai la'asar, ita ta karɓa daga yamma har gari ya waye, haka har kwana 18 ko kusa da haka. In 'ya'yan suka fito, tsirara suke, ido a rufe, ba sa iya haɗiye tsaba. Sai iyayen su riƙa ɗura musu wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, wanda yake fitowa daga jakar da ke cikin wuyansu, inda tsaba kan fara taruwa. Jikin namijin yana yin wannan abincin kamar yadda na macen yake yi. Wato ga namiji mai "shayarwa" a kan katangar gidanmu, muna wuce shi kullum muna nuna zakara.

Tantabara kuwa ba ita ce bare a cikin tsuntsaye ba, zakara ne bare. Tsuntsayen duniya sun haura nau'i 10,000, kuma aƙalla uku cikin kowane huɗu, namiji da mace ne suke haɗa hannu wajen renon 'ya'ya. Shamuwar da take zuwa mana da albishirin damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan ƙauye, su biyu ne suke kwanci, su biyu suke ciyarwa.

Dubi cilakowa. Idan lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon itace, a toshe bakin kogon da laka da kashinsu, a bar 'yar siririyar kafa wadda baki kaɗai ke iya wucewa. A ciki take yin ƙwai, a ciki take kwanci, a ciki ma take zubar da gashin fukafukanta, har ta zama ba ta iya tashi ko da an buɗe mata. Makonni ke nan tana kulle. Duk abin da za ta ci, da abin da 'ya'yan za su ci bayan sun fito, namijin ne yake kawowa: fara, tsutsa, 'ya'yan itace, safe da rana da yamma, yana miƙawa ta wannan kafa. Sai 'ya'yan sun yi girma kogon ya yi musu kaɗan, sa'an nan uwar ta fasa ta fito, 'ya'yan su sake toshe ƙofar da kansu, iyayen biyu su ci gaba da jigila. Yaron da ya harbe namijin cilakowa da danƙo a wannan lokaci, da wuya in bai kashe gida guda ba.

Dubi jimina, wadda a da take yawo a dazuzzukan Borno da Nijar da Cadi, yanzu kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai. Namijin ne yake tona ramin ƙwai a ƙasa. Ƙwai ɗaya yakan kai kilo ɗaya da rabi, daidai da na kaza wajen 24. Kwancin yakan ɗauki kwana 42, sun kuma raba shi: macen, mai launin ƙasa, ita ke hawa da rana, namijin, mai baƙin gashi, shi ke hawa da dare. In an ƙyanƙyashe, shi ne yake kan gaba wajen tsaron 'ya'yan, har yakan yi kamar ya karye don ya janye hankalin maƙiyi daga kansu. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna Ayuba 39, inda aka bayyana jimina a matsayin mai barin ƙwanta a ƙasa, mai taurin zuciya ga 'ya'yanta. Akwai abin da ake gani haka a daji: kafin a fara kwanci, ƙwan yakan yi kwanaki a fili ba mai rufe shi, kuma da yake mata da yawa suna zuba ƙwai a rami ɗaya, babbar cikinsu takan ture rarar zuwa gefe, su lalace. Duk da wannan sakaci, zuriyar jimina ba ta ƙare ba, ɗaya daga cikin dalilai kuwa shi ne akwai uban da ba ya barin bakin aikinsa da dare.

Akwai kuma inda uba ne kaɗai mai reno. A fadamun Haɗeja da Nguru akwai wani tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa, mai dogayen yatsu, da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Macen ta fi namijin girma. Takan yi masa ƙwai huɗu ta wuce wurin wani namijin. Shi ke kwanci, shi ke kiwon 'ya'yan, in ya ga haɗari sai ya cusa su ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su, ba abin da ake gani sai ƙafafunsu suna reto. Tsuntsun nan da muke yi wa laƙabi da ragon maza, a danginsa namiji ne yake ɗaukar babban kaso na kwanci da ciyarwa, ashe sunan bai yi masa adalci ba. Gaiwa, wadda take shiga laka da rani ta jira damina, namijin ne yake gadin ramin ƙwai a cikin fadama, yana kaɗa ruwan da wutsiyarsa don ƙwan ya sami iska, har 'ya'yan su yi ƙwari. A ruwayen gaɓar teku na Legas da Gana akwai wata 'yar'uwar karfasa mai baƙin haɓa, wadda namijin ne yake riƙe ƙwai a baki. A cikin kifayen da suke kula da 'ya'yansu gaba ɗaya, renon uba shi kaɗai ya fi renon uwa ita kaɗai yawa.

Can ƙuryar kudancin duniya, a Antatika, ƙasar ƙanƙara, akwai wani tsuntsu da ba ya tashi sama, ana ce masa fengwin. Mafi girma a cikinsu ya haura mita ɗaya a tsaye. Macen takan yi ƙwai ɗaya tak a farkon hunturu, ta miƙa wa namijin, ta tafi teku neman abinci. Shi kuwa sai ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya rufe shi da fatar cikinsa, ya tsaya da shi wajen kwana 65 cikin duhu da iska, sanyi yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri. In ƙwan ya taɓa ƙanƙara na ɗan lokaci, ya mutu. Kafin macen ta dawo, namijin yakan yi kusan wata huɗu bai ci komai ba, ya zubar da kusan rabin nauyinsa. Wannan ma namiji ne, kuma hannun da ya yi zakara shi ya yi shi.

To, me ya kawo wannan bambanci? Masana sun daɗe suna nazari a kai, musamman tun daga 1972, lokacin da wani masani ɗan Amurka, Robert Trivers, ya yi rubutu a kan irin jarin da kowane ɗaya daga cikin iyaye yake zubawa a kan ɗa. Dalilai biyu sun fi sauƙin ganewa. Na farko, a ina ɗan yake kafin ya fito duniya? In a cikin uwa yake, kamar na akuya, namiji ba shi da hanyar taya ta ɗaukar cikin. In a cikin ƙwai yake, a waje, kowannensu yana iya hawa. In kuma kifi ne da mace take zuba ƙwai a ramin da namiji ya tona yake tsaronsa, to ƙwan a hannunsa ya faɗa. Na biyu, yaya ɗan yake in ya fito? Ɗan tsako yana fitowa da gashinsa, ido a buɗe, ran nan zai fara tsintar abinci, don haka uwa ɗaya tana isarsa. Ɗan tantabara da ɗan cilakowa ba sa iya komai, abincin da suke bukata kuwa ya fi ƙarfin baki ɗaya. Ko a cikin masu shayarwa, inda aikin ya yi yawa, namiji yakan shigo. Dila, malamin daji a tatsuniyoyinmu, yakan zauna da mace ɗaya, ya yi farauta ya dawo ya amayar wa 'ya'ya nama, har yayyensu na bara sukan zauna su taya reno. Ba doka ce marar togiya ba, amma hanya ce da ake gani a kai a kai: inda ɗa ya fi rauni, ko maƙiya suka fi yawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu ku auna ɗan mutum da wannan mudu. Ɗan akuya yana miƙewa tsaye kafin awa guda da haihuwarsa. Ɗan mutum sai ya yi watanni kafin ya iya riƙe wuyansa, sai ya kai shekara kafin ya taka. Ana haihuwarsa da ƙwaƙwalwar da ba ta kai sulusin ta babba ba, sauran girman a hannun masu reno take yinsa. Bayan yaye, da sauran koyon magana, da sanin ya kamata, da makaranta, da sana'a, shekara 15 ko 20 yana dogara ga wasu. In za a sa shi a layi, wurin ɗan cilakowa zai tsaya, nesa da ɗan tsako. Saurayin da ya ɗauki zakara malami, ya ɗauki darasin da aka rubuta don wani aji.

A nan sai in ja hankalinku, kada wani ya ce Fasto ya ce mu bi dabbobi. Dabba ba ta zama mana doka. A cikin halittar nan akwai zakin da in ya ƙwace garke daga hannun wani, yakan kashe ƙananan 'ya'yan da ya tarar don matan su dawo su haifa masa nasa. Akwai tsuntsayen da ba sa yin sheƙa sam, sai su faki ido su zuba ƙwansu a sheƙar wani, wani ya sha wahalar renon. Ba mai gurfanar da zaki gaban alƙali, ba kuma mai ba fengwin lambar yabo, domin dukansu abin da aka dasa musu suke bi, ba su da zaɓi. Mutum yana da zaɓi, zai kuma ba da lissafi. Saboda haka duk wanda ya ce "ai ɗabi'a ce", a tambaye shi: ta wa? Daji cike yake da misalai iri-iri, kowa kuma yakan tsinko wanda ya dace da abin da zuciyarsa ta riga ta so. Mai son barci ya tsinko zakara.

Jikin namiji ma ba ya goyon bayan wannan ragwanci. A birnin Cebu na ƙasar Filifin an bi sawun samari 624 har shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2011. An ga cewa sinadarin maza da ake kira testosteron, wanda yake da alaƙa da gasa da neman mata, yakan ragu sosai a jikin waɗanda suka zama iyaye, ya kuma fi raguwa ga masu ba yaransu awa uku ko fiye a yini. Wato jikin uba yana gyara kansa don reno in an ba shi dama. A dazuzzukan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuma akwai mutanen Aka, mafarauta ne, maza ne sosai, amma masanin da ya zauna da su, Barry Hewlett, ya tarar uba yakan yi kusan rabin yini yana riƙe da jaririnsa ko yana dab da shi. Abin da muke kira tsarin Allah, sau da yawa al'adar unguwarmu ce.

Na san amsoshin da za su biyo baya. Wani zai ce, "Ni ke nemo abinci, ai na yi nawa." Neman abinci babban aiki ne, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa, kuma ban raina gumin kowa ba. Namijin cilakowa ma mai nemowa ne. Amma ku lura, shi da kansa yake kawowa bakin kogon, sau da yawa a yini. Uban da ya ajiye kuɗin cefane da safe, ya tashi aiki ya zarce majalisa ko gidan kallon ƙwallo har yara su yi barci, ya biya kuɗin abinci ne, bai yi reno ba. Wanda aiki ya kai shi nesa, soja ne ko direba ko ɗan ci-rani, uzurinsa daban ne. Shi ma akwai bambanci tsakanin mai kiran gida ya ji muryar yaransa, ya san ajin da kowa yake, ya dawo in ya sami hutu, da wanda sai saƙon kuɗi kaɗai ake gani daga gare shi.

Wani zai ce, "In aka gan ni da goyo, za a ce ni mijin-ta-ce ne." To a faɗa mana. Masu faɗar ba za su kwana da kai a asibiti ba ran da yaron ya kwanta, ba su kuma za su riƙe ka ba ran da ka tsufa. Wani kuma kunya ce ta al'ada, kamar yadda a wasu gidajenmu ba a wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba a ma kiran sunansa. Kara abu ne mai kyau, amma asalinta a gidan gandu ne, inda kakanni da baffanni da gwaggwanni suke cike gurbin. Yau da yawanku ɗaki biyu kuke haya a birni, daga kai sai matarka sai jaririn. In ka ja da baya saboda kunya, babu kakar da za ta karɓa. Matarka ce za ta ɗauka duka, ga wataƙila ita ma tana da aiki ko makaranta.

Ku da ba ku yi aure ba tukuna, kada ku ce zancen bai shafe ku ba. A gandun dajin Pilanesberg na Afirka ta Kudu an taɓa kai marayun 'ya'yan giwaye, waɗanda aka kashe manyansu a gandun Kruger don rage yawansu. Suka tashi ba babban toro ko ɗaya a tare da su. Toron giwa yana da wani yanayi na zafin sha'awa da faɗa da kan zo masa in ya manyanta, amma waɗannan samarin sai ya zo musu da wuri, ya kuma daɗe bai sake su ba. Tsakanin 1992 da 1997 suka kashe karkanda fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga Kruger aka saka a cikinsu. Zafin samarin ya kwanta, kisan ya tsaya. Ku lura, toron giwa ba ya renon jariri, waɗannan shidan kuma ba su ne suka haifi samarin ba. Kasancewarsu a wurin ita ce maganin. A kowace unguwa, a kowace ikilisiya, akwai yara maza da suke tashi ba uba: wani ya rasu, wani rikici ya ci shi, wani ya gudu. Kai mai shekara 25 da kake ganin ba ka da abin bayarwa, ga yaro mai shekara 12 babban toro ne kai. Koya masa gyaran keke, duba masa aikin makaranta, tafi da shi gona ko shago, tsawata masa in ya kauce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwana mata, ku ma akwai naku. Kabare namiji ne yake saƙa sheƙa, amma macen ba ta shiga sai ta duba. Takan leƙa ciki, ta ja zaren ciyawar ta gwada ƙarfinsa, in bai yi mata ba ta tashi ta bar shi, shi kuwa ya warware ya sake sabuwa. Kafin ki amsa wa saurayi, dubi yadda yake da ƙannensa da 'ya'yan yayyensa. Yana sanin sunayensu? Yana haƙuri da kukansu? In mahaifiyarsa ba ta da lafiya, yana iya ɗora tukunya? Wayarsa da takalminsa ba za su gaya miki wannan ba. In kuma Allah ya ba ki mai son taimako, kada ki kore shi. Kada ki yi masa dariya in ya ɗaura zanen goyo a karkace, kada ki bari ƙawaye ko dangi su mai da shi abin ba'a. Ke ma ba da iyawa aka haife ki ba, koya kika yi.

Sai kai da ka san akwai ciki ko ɗa a wani wuri wanda naka ne, ka kuma juya baya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Yarinyar ta sha kunyar ita kaɗai, wataƙila ta bar makaranta, wataƙila an dakatar da ita a ikilisiya, kai kuwa kana nan kana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Wannan halin tsuntsun nan ne mai zuba ƙwai a sheƙar wani, da bambanci ɗaya: shi bai san abin da yake yi ba, kai ka sani. Hanyar gyara a buɗe take. Nemi dattijon da ka amince da shi, ku je wurin iyayenta, ka amsa ɗanka da bakinka, ka ɗauki nauyin ci da sha da magani da makarantarsa, ko aure ya yiwu ko bai yiwu ba. Zai yi ɗaci, amma bai kai ɗacin ranar da yaron zai girma ya tambayi wane ne ubansa a rasa amsa ba.

Wanda kuma ya tashi bai san ɗumin uba ba, kada ya ɗauka gado ne da ba makawa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne ga barewa. Kai mutum ne, kana iya fara abin da ba a yi maka ba. Manzo Bulus, a 1 Tasalonikawa sura 2, ya kwatanta kansa da uwa mai shayarwa, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma ya kwatanta kansa da uba mai gargaɗi da ƙarfafa 'ya'yansa. Namiji ɗaya ya ɗauki biyun, bai kuma ragu da komai ba.

Saboda haka a wannan mako, mai jariri ya karɓi dare ɗaya ya bar matarsa ta yi barci. Mai 'yan makaranta ya zauna ya buɗe jakarsu ya ga abin da ke ciki. Wanda bai da ɗa ya nemi yaro ɗaya a unguwarsu da ba mai tambayar inda ya yini. In kuma wani ya sake kawo muku zancen zakara, ku kai shi ya ga tantabara.

Ubangiji ya ba mu zuciyar reno, maza da mata. Amin.